Bangaskiyar Kirista a Zaman Yau da Kullum: Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Kiristocin Maraɗi jama'a ce 'yar kaɗan a cikin babban gari. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna mutanen birnin sun haura 267,000, kuma a ƙasar Nijar baki ɗaya ƙidayar ta ba Musulmi fiye da kashi 99 cikin ɗari, Kirista kuwa ba su kai ko rabin kashi ɗaya ba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, Kiristan Maraɗi ba shi da kasuwar kansa, ba shi da famfon kansa. Mai shagon da yake sayen sukari a wurinsa Musulmi ne, ɗan kabu-kabun da ke kai 'ya'yansa lakwal Musulmi ne, sau da yawa ma kawunsa da gwaggonsa Musulmi ne. Sujadar Lahadi awa biyu ce ko uku. Sauran kwana shida na mako a gaban mutanen da ba su taɓa leƙa majami'a ba yake yin su, kuma da abin da suka gani a cikin kwanakin nan suke auna addininsa.

Sarakunan Hausa na Katsina, waɗanda jihadin Shehu Usmanu ya fitar daga birninsu, su ne suka zauna a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau sarautar garin Sarkin Katsina ce. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a shekarar 1836, bayan yaƙin Gawakuke. A kwarin Gulbin Maraɗi akwai Anna, manoma masu bin al'adar kakanni, aka zauna tare da su, Musuluncin fada da na malamai a gefe guda, bori da tsafin gona a gefe guda. Cikin wannan ƙasa 'yan mishan na SIM suka shigo. Sun fara zama a Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tibiri kafin shekarar 1930, Maraɗi ta biyo baya. Yawancinsu masu jin Ingilishi ne, don haka Faransawa masu mulki ba su saki jiki da su ba, su ma ba su ɗauki koyar da Faransanci da muhimmanci ba. Abin da suka sa a gaba shi ne mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa, aka kuwa yi dace, a 1932 aka buga cikakkiyar fassararsa da Hausa. Daga nan Kiristancin wannan yanki ya samo kamanninsa: da Hausa ake wa'azi, da Hausa ake waƙa, da Hausa ake kai kuka gaban Allah.

Ikilisiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce EERN, wadda ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai. Katolika nasu tarihin daban ne. Da yawa daga cikin mabiyansu a Maraɗi ma'aikata ne da masu sana'a da suka zo daga Benin da Togo da Burkina Faso, da 'ya'yansu da aka haifa a nan. A shekarar 2001 aka mai da Maraɗi mazaunin bishop, Ambroise Ouédraogo ne na farko da aka naɗa, yankinsa ya haɗa har da Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa. Daga shekarun 1990 kuma majami'un Fentikos suka yawaita, da damarsu suna da alaƙa da Nijeriya.

A gidan Kirista, kamar a gidan maƙwabcinsa, kiran sallar asuba ne ke tashin mutane. A gidan da aka riƙe al'adar iyaye, kafin a hura wuta ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maigida ko uwargida ta karanta 'yan ayoyi, a yi waƙa ɗaya, sannan a yi addu'a. Abin da ake roƙo ba ɓoyayye ba ne: ruwan sama ya sauka a kan lokaci, kuɗin lakwal ya samu, ɗan da ya tafi cin rani Katsina ko Kano ya dawo lafiya, matar maƙwabci da ke da tsohon ciki ta sauka lafiya. A irin wannan zama ana ganin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana bin layi da ɗan yatsa tana haɗa baƙi a hankali, domin a ajin karatun manya na majami'a ta koya. Wannan gado ne mai daraja, kuma yana neman suɓucewa a gidajen da yara suka iya Faransanci amma suke in'ina in an miƙa musu littafin Hausa.

Addu'ar Kirista ba ta da alwala, ba ta da ƙayyadadden lokacin da ladan zai kira, ba a kuma yin ta a bakin titi inda kowa zai gani. Shi ya sa wasu maƙwabta ke zaton Kirista ba ya ibada sai ran Lahadi. Zaton ba daidai ba ne, amma akwai haɗari na gaske a bayansa. Ibadar da babu mai kiran mutum gare ta, babu mai lura in ya bar ta, ita ce mafi sauƙin bari. Kuma yaran gida ne ke fara ganewa in addu'ar safe ta koma ta ranar da fasto ya kawo ziyara kawai.

Maraɗi garin kasuwanci ne. Litinin da Jumma'a kasuwa ke cika, kaya na shigowa ta Ɗan Isa daga Jibiya da Katsina, ana juya naira da sefa, kuma babban jarin Alhazan Maraɗi tun zamanin gyaɗa shi ne amana, domin da baki ake ba da kaya bashi. Hanyoyin cuta a kasuwa sanannu ne: a buga gindin tiya ya shige ciki, a zuba tsakuwa a buhun hatsi, a jera manyan tumatur a sama a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Musulunci da Kiristanci duka sun haramta tauye mudu, babu gardama a nan. Bambancin yana wajen sakamako. Idan ɗan kasuwa Musulmi ya yi cuta, sai a ce wane ya cuce ni. Idan Kirista ya yi, sai a ce Kirista ya cuce ni, laifin mutum ɗaya ya hau kan jama'a guda. Nauyin ba na adalci ba ne, amma yana nan, kuma Kiristan da ya san inda yake zaune yana ɗauke da shi a zuciya duk lokacin da ya ɗauki tiya.

Akwai kuma batun rantsuwa. Koyarwar Yesu ita ce maganar mutum ta ishe shi, ba sai ya haɗa da sunan Allah kafin a yarda da shi ba. A kasuwar da aka saba ƙulla ciniki da rantsuwa, wanda ya faɗi kuɗin kayansa ya yi shiru yakan rasa mai saye a ranar farko. Sai an daɗe ana hulɗa da shi kafin a gane farashinsa ɗaya ne ga babba da yaro. Tela ma yana da tasa jarrabawar. Ana saura mako biyu Sallah, mutane na ta kawo yadi, kuɗi na shigowa, ya san sarai kekensa ba zai iya ɗinke su duka ba. Ya ce wa mutum "ba zan samu ba, kai wa wani" asara ce a ranar. Ya karɓa ya yi ta cewa "gobe" har yaro ya tafi idi da tsohuwar riga kuwa ƙarya ce, ko da a garin an saba da ita. Haka malamin lakwal da ke shiga aji a kan lokaci ko albashi ya yi jinkiri, da ma'aikaciyar asibiti da ba ta jiran na goro kafin ta duba mara lafiya.

A Jiratawa, kudu da Maraɗi, akwai filin noman rani na kimanin hekta 500 da aka gyara a farkon shekarun 1980. Injuna ne ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, manoma na cikin ƙungiyoyin haɗin kai, kowa da layinsa na ban ruwa, kowa da kuɗin da zai biya bayan girbi. Zogalen Jiratawa ya yi suna har nesa da yankin. A irin wannan tsari amana tana bayyana a abu ƙarami: kada mutum ya fasa kwalbati da dare ya karkatar da ruwan maƙwabci, kada ya noƙe wajen biyan kuɗin ruwa har a yanke wa kowa wuta. Idan layin Kirista ya faɗo safiyar Lahadi, mai hankali yakan nemi musanya da maƙwabcinsa, shi kuma ya riƙe masa nasa layin ran Jumma'a. Wanda bai sami musanya ba ya shayar da gonarsa bai yi saɓo ba, gama Yesu da kansa ya koyar cewa ranar hutu don amfanin mutum aka yi ta.

A gonar damina ne aka ga misali mafi girma na bangaskiyar da ta zama aiki a wannan yanki. A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta yi tsirara. Noman gyaɗa ya cinye daji, farin shekarun 1970 ya ƙarasa abin da ya rage. Manomin kirki a wancan lokaci shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya sassabe kowane toho ya ƙone kafin ruwa ya sauka. Doka ma ba ta taimaka ba, domin itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na iya cin mutum tara a kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. To me zai sa ya yi renon abin da ba nasa ba? Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, a yi ta maimaita shuka, mata kuma su yi tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona.

Tony Rinaudo, masanin aikin gona daga Ostareliya, ya zo Nijar da iyalinsa a 1981 ƙarƙashin SIM, aka ajiye shi a Maraɗi. Ya fara da dashen itatuwa kamar kowa, mafi yawan dashen kuwa yana mutuwa. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a 1983, yana kan hanyar ƙauye da 'yan itatuwan dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, ya yi addu'a cikin karayar zuciya, sannan idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe bishiya ce da aka sare, kututturenta na nan da rai, saiwarta na can ƙasa tana aiko da toho duk shekara, ana kuma sassabe shi duk shekara. Irin wannan kututture ba ya ƙirguwa a gonakin yankin. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kan kututture guda, ya datse sauran, ya rage rassan ƙasa da wuƙa ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, sannan ya tsare su daga awaki da masu saran itace. Sunan da aka sa wa aikin shi ne sassabin zamani.

'Yan kaɗan da suka fara gwadawa sun sha dariya, ana cewa sun bar gonarsu da ƙazanta. Yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari, ita ta faɗaɗa abin: aka raba abinci a ƙauyuka wajen ɗari bisa sharaɗin a bar toho a gona, itatuwa kimanin 500,000 suka tsira. Da rabon abinci ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta rage binne shuka, ga itacen girki a kusa, ga sandunan da za a kai kasuwa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kalgo da sabara da aduwa da magarya suka dawo. Gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ba ƙasa taki, 'ya'yansa na ciyar da dabbobi da rani. Daga manomi zuwa manomi labarin ya bazu. Bayan shekara 20 da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan Adam suka sa masana suka ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Adalci ya sa a faɗi cewa mafi yawan hannuwan da suka yi wannan aiki na Musulmi ne, kuma tsofaffin manoma sun san renon toho tun kafin zuwan kowane baƙo. Rabon masu bi a ciki shi ne nacin da suka yi shekara da shekaru a kan abin da ake yi wa dariya, saboda sun gaskata ƙasa ta Allah ce, mutum mai riƙon amana ne a kanta, kuma cikin maƙwabci in ya kwana da yunwa abin tambaya ne a gaban Allah. Kiristan da ya ɗaga hannu a majami'a yana roƙon ruwa, ya koma gona ya sare kowane toho ya cinna wuta, addu'arsa da gatarinsa ba su jitu ba.

Jinya ita ce ɗaya ƙofar da mutanen yankin suka fi sanin Kirista ta cikinta. A Galmi, can jihar Tawa, SIM ta buɗe asibiti a 1950. A Danja, kudu da Maraɗi a yankin Jiratawa, aka buɗe wurin jinyar kutare a 1956, a zamanin da ake ware kuturu da ƙwaryarsa da tabarmarsa. Yau kuturta tana warkewa da ƙwayoyin da ake sha wata 6 zuwa 12, kyauta ake ba da su, kuma wanda ya je da wuri, tun tabo ne a fata wanda ba ya jin taɓi, ba ya rasa yatsa. A 2012 aka ƙara sashen gyaran matan da ke fama da yoyon fitsari, ciwon da doguwar naƙuda ke jawowa, wanda ke sa miji ya gudu, dangi su toshe hanci. Kowa ake karɓa a waɗannan wurare, kuma yawancin majinyatan Musulmi ne.

Amma ba kowane Kirista ne likita ba. Nasa rabon shi ne ya je gaida mara lafiya da kwanon fura ko kunu, ya zauna, ya karɓi mai jinya ta samu ta runtsa. Ciwo kuma shi ne wurin da bangaskiya ta fi girgiza. Yaro na ta suma, an sha magani bai ji ba, kaka ta ce a kai shi wurin boka ko 'yan bori, wata ta kawo laya a ɓoye ta ɗaura masa a ƙugu. Ikilisiya tun farko ta hana wannan. Sai dai yanzu jarabar ta shigo da sabuwar riga, ta masu kiran kansu annabawa, masu sayar da mai da ruwa a kwalba, har su ce wa mara lafiya shan magani rashin bangaskiya ne. Wannan koyarwa tana kashe mutane. Fasto na gari yakan ɗora hannu ya yi addu'a, sannan ya ce a tashi a tafi asibiti, in ta kama ya nemo abin hawa da kansa.

Mafi yawan wannan hidima mata ne ke ɗauke da ita. Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da tulun kiɗansu, ba ƙungiyar waƙa kaɗai ba ce. Su ke zuwa gidan mai jego da sabulu da itace, su ke girki a gidan rasuwa, su ke adashi don wata ta sami jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli, su ne kuma suka san gwauruwar da tukunyarta ba ta hau wuta ba jiya. Da kaka ana sujadar godiya, manomi ya shigo da damin hatsi a ka, mace ta kawo tiyar wake ko gyaɗa, daga nan ake ciyar da mai bishara na ƙauye da marasa ƙarfi. A ɓangaren Katolika, Marie-Catherine Kingbo, wadda ta zo daga Senegal, ta kafa ƙungiyar sistoci ta Fraternité des Servantes du Christ a 2006, suna aiki a Tibiri da Ɗan Bako kan ciyar da yara masu tamowa da karatun 'ya'ya mata. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ke aure kafin shekara 18, hanyar da suka bi ita ce tara hakimai da limamai da iyaye a zauna a tattauna, domin babu mai raba yarinya da auren wuri ta bayan idon ubanta da limamin garinsu.

Zaman maƙwabtaka yana da ladubban da ba a rubuta ba. Da azumi Kirista mai kunya ba ya cin abinci a bakin titi da rana tsaka, da magariba kuma kunu da ƙosai na shigo masa daga gidan kusa. Da Babbar Sallah ana aiko masa da naman layya. Akwai masu bi da ke ɗari-ɗari da shi, amma mafi yawa na karɓa da godiya, suna ganin zumunci ne aka miƙo. Ran Kirsimeti, wadda hutu ce a ƙasar kamar Litinin ɗin Ista, kwanukan shinkafa da miya ne ke fita daga gidan Kirista zuwa gidaje bakwai ko takwas. A nan akwai wani abu da ya cancanci lura: kafin a yanka akuya ko kaji, maigida yakan kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yi yankan. Addininsa bai wajabta masa haka ba. Yana yi ne don kada kwanon ya isa gidan da za a karɓa da fara'a a zubar a bayan gida. Ya sarayar da 'yancinsa don maƙwabci ya ci da kwanciyar rai, kuma wannan daidai yake da abin da manzo Bulus ya koyar game da abinci da lamirin wani. Gaskiya ne a wasu gidaje yanzu ana mayar da kwanon, saboda wa'azin da ke hana karɓa. Wanda aka mayar wa da nasa ba shi da dalilin daina gaisuwa.

Ranar suna da sassafe ake taruwa kamar a kowane gida, sai dai fasto ne ke karatu da addu'a ya faɗi sunan: Dauda, Ishaya, Istifanus, Hannatu, Rifkatu, Saratu. Maƙwabta na zuwa barka, a raba goro da dabino. Aure ne ya fi wuya. Jama'ar kaɗan ce, yarinya na iya girma a ƙauyen da babu saurayi Kirista sa'anta, ga masu neman ta daga waje da yawa. Tarukan matasa da na mata tsakanin garuruwa suna rage wannan matsala, amma iyayen da ke tsawwala sadaki da kayan ɗaki suna ƙara ta da hannunsu. Auren mace ɗaya har mutuwa yana fuskantar gwaji mafi tsanani in haihuwa ta yi jinkiri, dangi su sa miji a gaba da maganar ƙarin aure. Namijin da ya tsaya da matarsa a wannan hali, ya raka ta asibiti, ya yarda a duba shi shi ma, ya yi wa'azin da ya fi na bagade. Wanda kuma ya shigo Kiristanci daga wani gida yakan rasa gado, wani lokaci har da mata da 'ya'ya. Hakkin ikilisiya ne ta zame masa dangi na gaske, da wurin kwana da sana'a. Hakkinsa shi kuma kada ya yanke zumunci daga nasa ɓangaren: ya je gaisuwar mutuwa, ya aika wa mahaifiyarsa da hatsi, ko da ba ta amsa sallamarsa.

Ba daga waje kaɗai rauni ke zuwa ba. EERN ta dare a wajajen 1990, aka sami UEEPN da ikilisiyar Salama, 'yan uwa da suka yi baftisma a ruwa ɗaya suka koma majami'u daban-daban. Rigimar shugabanci da ta dukiya a cikin jama'ar da ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba abin kunya ce, maƙwabta kuma suna gani. Mai wa'azin gafara da ba ya gaisawa da faston majami'ar da ke bayan tasa ya rage wa maganarsa nauyi.

Gafarar kuwa an gwada ta da wuta. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda a Yamai ake yin sa a lokacin, ta rikiɗe a Maraɗi aka kai hari majami'ar Vie Abondante da harabar SIM. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa, mutum 10 suka mutu, 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 a Yamai kaɗai. A watan Yuni na 2019 aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya a Maraɗi wuta, bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin ibada. A duka ukun, abin da ya tayar da fitinar ba Kiristocin garin ne suka aikata shi ba. A 2015 shugabannin ikilisiyoyi sun fito fili sun ce sun yafe, ba a kuma ɗauki fansa ba. An kuma shaida cewa a wurare da dama Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa. Irin wannan ba a ranar tashin hankali ake ƙulla shi ba. Wanda ya buɗe ƙofa ya buɗe ta ne ga mutumin da ya zo masa barkar haihuwa, ya raka gawar ubansa, ya biya shi bashinsa a kan lokaci.

Yafewa ba ta hana neman hakki ba. Dokar ƙasa ta ba kowa 'yancin addininsa, kuma kai ƙara gaban hukuma a kan wanda ya ƙone gini ba ramuwa ba ce. Abin da bangaskiya ta hana shi ne riƙo a zuciya, da koya wa yara cewa duk mai salla abokin gaba ne, da mayar da zagi da zagi. A yau wannan gwaji ya koma cikin wayar hannu. Saƙon murya na WhatsApp ko hoton Facebook da ke ci wa addinin wani mutunci yana zagaye Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kafin a idar da sallar isha'i, kuma sau da yawa daga wata ƙasa ya taso. Matashin Kirista da irin wannan saƙo ya faɗo wa, ko nasa addinin aka zaga ko na maƙwabcinsa, ya goge shi, kada ya tura wa kowa. Fastoci da dattawan ikilisiya su faɗi wannan a bagade tun ana zaune lafiya, kuma kowane fasto ya san limamin unguwarsa da mai unguwa, ya taka ya gaishe su a gida, ya karɓi lambar wayarsu su ma su karɓi tasa.